Gwaggon da Ta Zaunar da Ni a Kango

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta rasu da hantsi, aka yi mata salla bayan la'asar, kafin magariba maza sun dawo daga maƙabarta suna kaɗe ƙura. Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina rarrafe, ita ta aurar da ni, ni kuma na yi mata wanka.

An jera kujeru a lungu irin na mutanen Jidda, maza a waje, mata a ciki, ana zagawa da gahawa da dabino. Na zauna kusa da ƙofa ina karɓar gaisuwa, kunnena kuwa a buɗe. Wata tsohuwa da ta taso takanas daga unguwar Bani Malik ta faɗo jikina tana kuka. "Uwarmu ta tafi! Shekarar guguwa, ba don ita ba da yunwa ta kashe min 'ya'ya." Gaskiya ta faɗa. Sai dai ban manta ba, a shekarar guguwar ita ta fi kowa yawo gida gida tana cewa Gwaggo kunnen hukuma ce. Matar wani tela, Bahaushiyar Sudan, ta sunkuya ta raɗa wa ta kusa da ita, "Allah ya jiƙanta, amma har yau ba wanda ya san me ta ƙulla da Mudir." Ta ɗauka tari ya toshe min kunne. 'Yan matan yanzu kuwa, masu jin Hausa ba sa iya mayarwa, sai "Allah yarhamha" suke ta yi, suna tambayar juna da Larabci wai wace guguwa ake magana.

Babbar 'yata ta matso ta danne min gwiwa.

"Yumma, don Allah. Har a kwashe kujeru kawai. Ki riƙe bakinki."

"Na ce wani abu ne?"

"Fuskarki ta gama faɗa."

Na riƙe har aka kwashe kujerun. Yanzu zan faɗa, da hannun nan da bai san alƙalami ba sai da furfura ta fito min. Masu yabonta sun rage gaskiya, masu gulmarta sun ƙara gishiri, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya biya abin da na biya. Abin da Gwaggo ta yi wa unguwa a shekarar guguwa, a kaina ta yi shi. Shekara da shekaru ina tambayar kaina ko riƙe ni ta yi, ko aiki ta yi da ni.

Gwaggo da ƙafa ta zo ƙasar nan. Ta baro gida tana amarya, ta iso tana da 'ya'ya biyu a kabarin hanya, bayan ta tsinci auduga a Sudan har tafin hannunta ya koma kamar fatar takalmi, sannan ta haye teku daga Sawakin. Ba ta cika ba da labarin tafiyar ba. Abin da na sani shi ne ta iso ba ta yarda da kowa. In maƙwabciya ta aiko da kwano, sai ta ɗaga murfi ta sunsuna, ta ce, "To, me take so?" Ba ta yarda da ma'aunin ɗan kasuwa ba, ba ta yarda da allurar likita ba. Da rediyo ya shigo unguwa ta saurara kaɗan ta ce a kashe: mutumin da ba ta ganin ƙwayar idonsa ba zai ba ta labari ba.

Gyaɗa da balila, dafaffen wake irin na Larabawa, take sayarwa a bakin tashar jiragen ruwa. Alhazan da guzuri ya ƙare musu a wurinta suke ƙarewa, ko ta ina suka bi. Za ta tsayar da mutum a ƙofa ta kwance ƙunshinsa, ta duba har cikin hula, ta tambaye shi sunan kakansa da kasuwar garinsu, ta sake tambaya bayan ya manta don ta ji ko zai sauya. In ya ci jarrabawa, sai ya zauna a zaurenta yana ci yana sha har wata aikin hajjin ta zagayo, ba ta taɓa yi masa gori. Haka take. Sai ta gama zarginka tas take ciyar da kai.

Unguwarmu a lokacin tana kudu da gari, ɗakuna ne na katako da garwar kananzir da aka buɗe aka daddaƙe, abin da ake kira sandaƙa. Ruwa a garwa muke saya. Ba mai takardar fili ko ɗaya. Zamanka shi ne takardarka: in ka tashi, ko ka dawo ka tarar da wani a wurin, ko ka tarar an share. Da yawa kuma ba su da iƙama, takardar izinin zama, ko da nan aka haife su. Saboda haka mota mai tambarin hukuma in ta tsaya a bakin hanya, sai ka ga lungu ya zama wayam kamar an yi shara.

Guguwar bayan la'asar ta zo, lokacin sanyi. Sama ta yi baƙi daga wajen teku, iska ta taso da gishiri a bakinta, kafin mu kwashe shanya rufin ɗakuna ya fara tashi. Kwanon rufi yana yawo a sama kamar wuƙa. Bayan iska sai ruwa, bayan ruwa sai ambaliya ta gangaro daga duwatsu ta bi ta cikinmu da laka da matattun awaki. Maigidana mai ga-ruwa ne. Ya ajiye garwarsa ya hau don ya ɗaure mana rufi, azara ta karye da shi. Maza uku muka rasa a unguwa, shi ne na uku da aka ciro. Ya bar ni da 'yan mata biyu, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba.

Da gari ya waye masu taimako iri biyu suka zo, kuma kamar don su yi faɗa suka zo. Na hukuma sun zo da manyan motoci. Sun kafa tantuna a kan tudu gabas da gari, da abinci da likita, suna shela da lasifika cewa kowa ya fito ya hau mota. Shugabansu wani dogo ne mai tabarau, Mudir muke ce masa. Ɗaya ɓangaren 'yan sa kai ne: ɗalibai, 'ya'yan attajirai, teloli, da 'yan dakon tasha 'ya'yan unguwarmu. Wanda ke gabansu ɗan wani tajiri ne, yaro mai zuciya, ba ya jin magana. Su kan tsaya a bakin unguwa suna jefo burodi da barguna daga kan mota. Mai ƙarfi ya cafe uku, tsohuwar da ke can ƙurya ba ta san ma an zo ba.

Mudir ya ce 'yan sa kai su ke riƙe mutane cikin laka har annoba ta zo. Ɗan tajiri ya ce hukuma na horar da mutane da yunwa don su hau mota. A bakin titi suka yi ta ɗaga wa juna murya, shinkafar hukuma na jibge a mota ba a sauke ba. Mu kuwa ba wanda ya hau. Wasu na cewa daga tanti sai jirgi, a mayar da kai ƙasar da ba ka taɓa gani ba. Wasu na cewa da zarar mun juya baya za a turo katafila a baje wurin. Ba wanda ya ga takarda, ba wanda ya ji daga bakin Mudir, amma kowa ya rantse ɗan'uwan wani ya ji.

Ni dai na ɗaure ƙunshina. Ba ni da miji, ba ni da rufi, 'ya'yana na rawar sanyi. A kwashe filin, in dai za a ba su busasshen wuri. Ina ɗaure bakin zane Gwaggo ta shigo, laka har gwiwa.

"Ina za ki?"

"Tanti, Gwaggo."

"Da takaba a kanki? Mai takaba a ɗakin mijinta take zama."

"Wane ɗaki? Bango biyu ne ya rage!"

"Biyu sun isa a jingina."

Ta kwance ƙunshin da hannunta. Ta kira ƙanwata ta ɗora mata ƙaramar a baya, ta damƙa mata hannun babbar, ta ce su je su hau mota. Ina ihu, ba ta ko waiwayo ba. Tun a ranar wani abu ya tsaya min a rai. Gwaggo mai salla ce, amma ba ta cikin masu tsananta irin waɗannan abubuwa. Na ce a raina, yaushe tsohuwar nan ta zama malama? Amma ban san baƙi ba balle fari, kuma mace ba ta wasa da hakkin mamaci. Na zauna.

Kafin azahar ta sa 'yan dako sun kawo tamfol daga tasha sun rufa kan bangon nan biyu. Ta rataya min labule, ta shimfiɗa tabarmi a gaba, ta bi gidaje ta tattaro duk tukunyar da ambaliya ta bari. Sannan ta yi abin da har ta mutu ba a daina yi mata gori a kai ba. Ta fita bakin titi, gaban idon kowa, ta buɗe ƙofar motar Mudir ta shiga gidan gaba ta zauna. Daga baya direban ya ba ni labarin abin da ta ce: "Ya Mudir, an yi mutuwa a unguwa, kana tsaye a bakin ƙofa ba ka shigo gaisuwa ba. Haka aka rene ka?"

Ya shigo. Ya tuɓe takalmi cikin laka. Da irin maganar ta janyo ɗan tajiri, ta zaunar da su tabarma ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa. A wurin makoki ba a ɗaga murya, kuma ba a tashi kafin a sha gahawa. Gahawar kuwa ta sa an yi ta jinkirta ta. Ina bayan labule ina jin komai.

"Ya Hajja," in ji Mudir, "umarni ne. Abinci a tanti yake."

"Umarnin ya ce ka fitar da mai idda daga ɗakin mijinta? Ga ta nan bayan labule. Yalla, ɗaga ka fitar da ita da hannunka."

"A'uzu billahi."

"To tana nan ke nan. In tana nan, masu gaisuwa za su zo. In sun zo, za su ci sadakar mamaci. Ni ban roƙe ka agaji ba. Shinkafar sadaka na roƙa."

Ɗan tajiri ya yi dariya ƙasa ƙasa. Ta juyo kansa.

"Kai kuma, ya waladi, me ya ba ka dariya? Kana watsa wa mutane burodi kamar kaji. Na ga ƙato ɗaya da bargo uku, na ga mai jego tana rufa da buhu. Uwarka ta san haka kake rabo?"

"Ya Hajja, ba mu san lungunan ba."

"To wa ya ce ka raba abin da ba ka san masu shi ba?"

A kan tabarmar nan aka raba aiki, kuma ita ta raba. Hukuma ta sauke shinkafa da wake a ƙofata, ta kawo tankar ruwa, ta watsa farar ƙasa a inda dabbobi suka ruɓe. Motocinta su kwashi marasa lafiya da tsofaffi da yara da masu ciki zuwa tanti, amma kowane gida mutum ɗaya ya zauna a kangonsa, ya hura wuta ko da ba abin dafawa, a ga hayaƙi. 'Yan sa kai su daina jifa daga mota. Su sauko su ɗauki kwanuka, 'yan dako a gaba suna nuna musu ƙofa ƙofa, sauran su haƙa wa ruwa hanya, su kawo katako. Likita ya riƙa zuwa, amma a matsayin mai gaisuwa: ya zauna ya yi addu'a tukuna, sannan ya buɗe jaka.

Mudir ya ce aƙalla a ba shi sunayen masu ci, don a sama za a tambaye shi.

"A garinku ana rubuta sunan wanda ya zo makoki?"

"To me zan ce musu?"

"Ka ce sadaka ka yi. Kunya kake ji?"

Ya ce, "Wallahi ya Hajja, ke musiba ce."

"Halas, an gama. A kawo wa Mudir gahawa."

Haka mutanen da suka ɓuya tun ranar farko suka fara fitowa. Wanda ba zai kusanci motar hukuma ba ko da zai mutu, zai zo gaisuwar mutuwa, don wannan ba mai hana shi, ba kuma mai tambayarsa takarda. Ya durƙusa gaban labule ya ce min "Ya haƙuri," in ce "Da godiya," ya tashi da kwano cike. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Kafin ta arba'in akwai nisa, sai Gwaggo ta ƙirƙiro ta Juma'a, ta ƙirƙiro ta Litinin da Alhamis, har liman ya daina tambaya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, da ransa mutane ba sa ko amsa masa sallama sai in suna son ruwa. Da ya mutu ya sami makokin da ko tajiri bai samu ba.

Kada wani ya ɗauka ta yarda da su ne. Duk buhun da aka sauke sai ta zura hannu har gwiwar hannu, ko an sa yashi a ƙasa. Tankar ruwa in ta zo, direba ne zai fara sha tana kallon maƙogwaronsa. Ɗaliban da ke kai kwanuka, ta kan bi bayansu ta tambayi tsohuwa ko nama nawa ta gani. Yayana, ɗan ƙaninta na jini, ta kama shi da bargo a ƙarƙashin riga, ta sa ya tuɓe a gaban 'yan sa kai, ya mayar, ya kuma wanke tukwane har yamma. Bai ƙara shiga gidanta ba sai da ya yi aure.

Su ma ba wanda ya yarda da ita. Mudir na zargin tana ɓoye marasa iƙama, kuma tana ɓoyewa. 'Yan sa kai na zargin ta sayar da su ga Mudir. 'Yan unguwa suna cin shinkafar suna cewa ai ba banza ta shiga gidan gaba ba, wata rana za a zo da sunayen kowa. Ta ji duka. Ta ce, "Madalla. Ranar da suka daina sa min ido, ranar zan fara sata."

Ni kuwa ina bayan labule. Ƙasa ba ta bushe ba, danshi na tasowa ta cikin tabarma, ƙuda kamar an zuba. Ƙirjina ya kama. Tarin da nake yi har yau, wanda jikokina ke kwaikwayo in sun ɗauka ba na gani, a nan na samo shi. Likita ya saurari numfashina ta bayan labule, ya ce da Gwaggo matar nan dole a kai ta tudu. Ta ce in ta fita takaba. Ya ce ƙila ba za ta kai ba. Ta ce rai na Allah ne.

Da ya tafi na ce, "Gwaggo, turke kika mai da ni. Kin ɗaure unguwa a wuyana."

"Addini ne ya zaunar da ke."

"Dube ni ki sake faɗa."

Ba ta dube ni ba. Fita ta yi, sai ga ta da gadonta na igiya a ka, wanda shi kaɗai ta tsira da shi. Ta ɗora ƙafafunsa kan garwani don ya yi nisa da ƙasa, ta kwantar da ni, ta gasa dutse ta naɗe a tsumma ta sa min a ƙirji, ta shafe ni da man shanu. Ita da shekarunta ta koma kan jiƙaƙƙiyar tabarmar da na tashi. Tun daga ranar ba ta ƙara miƙe gwiwar hagu sosai ba.

Wata Juma'a ta taka har tantuna ta ɗauko min 'ya'yana in gan su. Babbar ta rugo ta faɗa jikina. Ƙaramar ta leƙa labule, ta ga mace ramammiya cikin tsohon zane, ta juya ta ƙanƙame ƙanwata tana ce mata Yumma. Yanzu ita ma uwa ce, muna zaman lafiya, amma in abu ya dame ta gidan ƙanwata take fara zuwa. Wannan ba ya cikin abin da masu kuka suka lissafa ranar makoki.

Wata huɗu da kwana goma na cika a kangon nan. Ranar da na fita, unguwa ta tashi tsaye. An kafa sababbin sandaƙa, waɗanda suka je tanti sun dawo kowa ya tarar da wurinsa da ɗan'uwansa a ciki. Ba a ɗauki kowa zuwa jirgi ba. Akwai katafila da ta yi kwanaki a bakin titi, hancinta na kallonmu, sannan wata safiya ba mu gan ta ba. Wasu sun ce lakar hanya ta zo kwashewa, ta gama ta tafi. Wasu sun ce mu ta zo wa, ta ga hayaƙi a kowane kango da mai takaba a tsakiya, ta haƙura. Wata unguwa kusa da mu, da suka hau mota gaba ɗaya, ba su dawo ba. Na ji mai cewa wuri mafi kyau aka ba su, na ji mai cewa watsewa suka yi. Ban gani da idona ba, ba zan ɗora wa kowa laifin da ban tabbatar ba. Mai yiwuwa Gwaggo ta ceci unguwa. Mai yiwuwa kuma ba abin da ke zuwa, tsoronta na hanya ne kawai ya ci min ƙirji.

An yi shekaru. 'Ya'yana suka girma, aka buɗe ajin manyan mata, na shiga don na gaji da dangwala yatsa. Malamarmu yarinya ce sa'ar 'yata. Wata rana tana karanta mana hukuncin idda, sai ta ce, kamar ba komai ba, mai takaba in gida ya rushe ko ta ji tsoron cuta, ya halatta ta koma wani wuri ta ƙarasa.

Na ce, "Ya ustaza, maimaita."

Ta maimaita.

Ban tsaya an tashi ba. Na tarar da Gwaggo a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, tana ɓare gyaɗa a faranti. Ban yi sallama ba.

"Kin sani?"

Ba ta ce me ba. Ta ce, "Tun ba a haife ki ba. A hanya na ga mace ta yi takabarta a kan jaki."

"To don me?"

"Don Mudir ba zai ɗaga labule ba. In ba labulen, da me zan tsayar da shi? Da faranti?"

"Maza uku suka mutu, Gwaggo. Mata uku ne masu takaba."

"Biyun 'ya'yan mutane ne. Zan je in ce wa wata ba ni 'yarki in zaunar cikin laka? Ke ce tawa."

"Da na mutu fa?"

"Da na yi miki sadaka, mu ƙara arba'in."

Haka ta faɗa, ba ta ɗago ba. Amma gyaɗar da ke hannunta ta kasa ɓarewa, tana ta murza ta har ta faɗi ƙasa. Na juya na tafi. Daga azumi har aka sauko daga Arfa ban taka ƙofarta ba. Ita ma ba ta aiko ba. Abin da ya mayar da ni, maƙwabciyarta ce ta ce min tsohuwa ta daina iya ɗaukar tulu, kuma ta hana kowa ya ɗebo mata wai za a sa mata wani abu. Na je na ɗebo. Ta sunsuna, ta sha. Ba mu sake tayar da maganar ba.

A ciwonta na ƙarshe, da ta ga alama, ta sa aka riƙa kira mata mutane ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara. Ta nemi ta yayana a kan bargo. Ta nemi ta liman. Ta nemi ta wani tsohon ɗan dako da ta taɓa zargi da satar gyaɗa, shi har ya manta. Ina zaune a gefen gado ina yi mata fifita, ina jira. Layi ya ƙare, ɗaki ya rage mu biyu, ta lumshe ido.

Na ce, "Gwaggo, ni fa?"

Ta buɗe ido ɗaya. "Ke me?"

"Kowa kin roƙa."

"Waɗancan kuskure na yi musu. Ke in na ce ki yafe, na ce da ban yi ba ke nan. Wallahi a dawo da ranar, in sake kwance ƙunshin nan." Ta yi numfashi da ƙyar. "Ki riƙe abinki. In mun haɗu can, ki kai ƙara. Zan tsaya."

"Haka kika ce?"

"Haka na ce. Ci gaba da fifita, zafi nake ji."

Na ci gaba.

Ya Allah, ga ta nan ta iso gare ka, kai da ba a ɓoye maka ƙasan buhu. Ka san abin da ke cikin katafilar nan, ni ban sani ba. Ka saka mata da kowane kwano da ya shiga lungu, ka sassauta mata tambaya, ka yalwata mata wurin kwanciya, ka sa ya zama busasshe. Ƙarar da ta ce in kai, ba zan kai ba. Ba ta roƙa ba, kuma kada a gaya mata, don za ta ce me nake so.